Kafin Ka Tura Bidiyon Mai Magani Zuwa Guruf Ɗin Gida

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano da kuma shagunan intanet, ana sayar da wasu agogunan hannu masu araha da kwalinsu ya cika da alƙawura: za su ƙirga taku, su auna bugun zuciya da hawan jini, har ma su faɗi yawan sukarin da ke cikin jini ba tare da an huda yatsa ba. Wannan alƙawari na ƙarshe shi ya fi jan hankalin saurayin da mahaifinsa ke fama da ciwon suga, wanda ya gaji da ganin tsoho yana tsira wa kansa allura kullum safiya. To amma a watan Fabrairun 2024, hukumar FDA ta Amurka, takwarar NAFDAC a can, ta fito fili ta ce babu agogo ko zobe ko guda ɗaya da ta amince yana iya wannan aiki, ta kuma gargaɗi jama'a kada su dogara da su. Dalilinta a bayyane yake. Mai ciwon suga da ya ga lambar ƙarya a allon agogo zai iya ƙara wa kansa insulin, sukarinsa ya faɗi warwas, ya suma, wani lokaci ma a rasa shi cikin 'yan awanni.

Agogon kuwa ba ya ƙin nuna lamba. Yana nunawa, da launi mai kyau da zane mai hawa da sauka. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san layi biyu na kod sun isa a sa allo ya riƙa fitar da lamba irin ta masu lafiya, mai agogon kuma ya yi ta murna. Tambayar da kwalin bai amsa ba ita ce: da me aka gwada wannan lamba, a jikin mutum nawa, kuma wa ya duba?

Wannan tambaya ta fi nauyi a kudancin Kano fiye da cikin birni. Mutumin Fagge ko Tarauni, in jikin ɗansa ya yi zafi, Adaidaita Sahu ɗaya ya ishe shi zuwa babban asibiti. Wanda ke ruga a dajin Ɗansoshiya cikin Kiru, ko ƙauyukan Bebeji na gefen dam ɗin Tiga, ko can Doguwa bayan dajin Falgore, shi sai an zauna an yi shawara tukuna: kemis za a je, ko a jira gari ya waye, ko a nemi mota a kashe kuɗin da aka tanada na taki? A gidaje da yawa yanzu, wanda ake juyawa a kalla a irin wannan zama shi ne yaron gidan mai babbar waya. "Duba mana a wayarka." Ba wanda ya naɗa shi, bai yi karatun likita ba, amma abin da ya kalla a TikTok jiya da dare yana shiga cikin hukuncin da za a yanke kan ran ƙaninsa. Tunda haka ne, sanin yadda likitoci ke tantance abin da ke aiki ya zame masa dole, kamar yadda ya san yadda ake gane caja ta jabu. Abin ma bai kai wahalar da ake zato ba. Wanda ya fahimci yadda ake gwada manhaja ya riga ya ci rabin hanya.

Masu rubuta manhaja suna da wata amsa da suke yi wa juna dariya a kanta. A kawo ƙorafi cewa manhaja tana rufe kanta, sai wanda ya rubuta ta ya ce, "Ai a wayata tana aiki." Gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar ba ta amfani kowa ba, domin wayarsa ɗaya ce cikin dubbai, kuma ita ce ya fi kula da ita. "Na sha na warke" haka take a harkar magani. Baiwar Allah da ke rantsuwa a bidiyo cewa ta sha wani jiƙo ciwon shekara goma ya tafi, ba lallai ƙarya take yi ba. Matsalar tana wani wuri daban. Yawancin mura da zawo da ciwon jiki suna lafawa da kansu cikin 'yan kwanaki, ko an sha magani ko ba a sha ba. Ciwuka irin su olsa da sikila da sanyin ƙashi tasowa suke yi su kwanta, kuma mutum ya fi neman magani ranar da ciwon ya kai maƙura, wato daidai lokacin da dama sauƙi ke tafe. Sannan mai sayarwa shi ke zaɓar wanda zai ɗauka a bidiyo. Wanda ya sha bai ji komai ba ba ya zuwa gaban kyamara, wanda ƙodarsa ta lalace yana kwance a gadon asibiti, wanda ya rasu kuwa ba shi da asusun TikTok.

Manya a gida za su tuna daren watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da wayoyi suka yi ta ƙara har asuba ana cewa a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Aƙalla mutum biyu sun mutu, wasu da dama suka kwanta asibiti. Miliyoyin da suka yi wankan ba su kamu da Ebola ba, kuma kowannensu zai iya cewa gishirin ya yi aiki. Miliyoyin da suka ci gaba da barcinsu su ma ba su kamu ba.

Kada a ɗauki wannan a matsayin yaƙi da maganin gargajiya. Sinadarin artemisinin da ke cikin Coartem da ire-irensa, daga wani ganye dangin tazargade aka fitar da shi a ƙasar Sin, kuma Tu Youyou, matar da ta jagoranci aikin a farkon shekarun 1970, ta samu kyautar Nobel a 2015. Bambancin ganyen nan da jiƙon cikin jarka shi ne an auna shi, an san adadin da ke kashe ƙwayar cutar da adadin da ke cutar da mutum. Lambar NAFDAC ma da masu talla ke ɗagawa gaban kyamara tana buƙatar a karanta ta da kyau. Yawancin magungunan gargajiya lambarsu tana ƙarewa da harafin L, ma'ana hukumar ta duba cewa shan su ba ya da hatsari a fili. Ba ta ce suna warkar da abin da aka rubuta ba, kuma doka ta wajabta a rubuta hakan a jikin kwalbar. Ana iya duba sahihancin lambar a shafin Greenbook na hukumar cikin minti ɗaya.

Na'ura mai auna abu

Hanyar gwada na'urar awo ita ce ta fi sauƙin fahimta: a ɗauko mutane, a auna su da sabuwar na'ura, a sake auna su da wadda aka riga aka yarda da ita, a jera sakamakon gefe da gefe. Haka likitocin Jami'ar Johns Hopkins suka yi wa wata manhaja mai suna Instant Blood Pressure, wadda ake ɗora waya a ƙirji a sa yatsa a kyamara ta faɗi hawan jini. An sayi manhajar fiye da sau 148,000 a kan dala 4.99, ta kuma daɗe cikin manhajoji 50 da aka fi saya a iPhone. Mutum 85 kacal aka gwada, sakamakon ya fito a 2016: kusan huɗu cikin kowane biyar da jininsu ya hau, manhajar ta ce musu lafiya lau. Taurarin da masu saye suka ba ta ba su gano haka ba, domin mai ba da tauraro yana auna yadda ya ji daɗin amfani da ita ne.

Kuskuren na'ura iri biyu ne. Akwai wanda yake da ciwo ta ce ba shi da shi, akwai wanda ba shi da shi ta ce yana da shi. Na biyun mutane ba su cika tsoronsa ba, alhali shi ke cinye kuɗin gida. A ɗauki misali na lissafi kawai: gwajin da ke faɗin daidai sau 90 cikin 100, da cutar da mutum 20 cikin 1,000 ke ɗauke da ita. Gwajin zai kama 18 daga cikin 20 ɗin. Amma cikin 980 masu lafiya zai yi wa 98 ƙazafi. Ke nan mutum 116 za su koma gida da takardar cewa suna da ciwon, 18 ne kawai masu shi. Wannan lissafi shi ke bayan "malariya da taifot" da kusan kowane ƙaramin ɗakin gwaji ke rubuta wa mai zazzaɓi. Gwajin Widal ba ƙwayar taifot yake gani ba, alamar da jiki ya bari ce bayan ya taɓa haɗuwa da ita ko da danginta, kuma a wurin da ruwan sha ba shi da tsafta mutane da yawa suna ɗauke da wannan alama suna ta harkokinsu. Gwajin da ke tabbatarwa shi ne a raini jinin a ga ko ƙwayar za ta tsiro, wanda ke ɗaukar kwanaki kuma sai manyan asibitoci.

Ita kuwa kwamfutar "gwajin jiki gaba ɗaya", wadda ake ba mutum ƙarfe ya riƙe na minti ɗaya sai allo ya cika da ciwon hanta da ƙoda da ƙashi, sannan mai ita ya buɗe jakar magungunan da yake sayarwa, ba ta ma buƙatar jami'a. Mutum ɗaya ya riƙe ƙarfen sau biyu, a shigar masa da suna da shekaru daban, a kwatanta takardun biyu.

Raba mutane da ƙuri'a

Gwada magani ya fi gwada na'ura wuya, kuma labarin kulorakwin a 2020 ya nuna dalili. A watan Maris na shekarar, wani likita a birnin Marsel na Faransa, Didier Raoult, ya wallafa bincike kan mutum 36 yana cewa hydroxychloroquine na rage ƙwayar korona. Shugaban Amurka Donald Trump ya yaba maganin, farashin kulorakwin ya tashi a Najeriya, cikin kwanaki kaɗan hukumomin Legas suka sanar da kwantar da mutanen da suka sha fiye da ƙima. Da masana suka zauna da takardar sai suka ga ba ƙuri'a ce ta raba masu shan maganin da marasa sha ba, kuma an cire mutum shida daga lissafin masu sha, cikinsu har da uku da aka kai sashen kulawa ta musamman da ɗaya da ya mutu. Kamar mai manhaja ne ya goge rahoton wayoyin da suka daskare, sannan ya sanar cewa sabuntawar ba ta da matsala. Mujallar ta janye takardar a Disambar 2024.

A Ingila kuma aka yi abin da kamfanonin manhaja ke kira gwajin A da B. In Facebook na son sanin ko sabon maɓalli ya fi tsohon, ba ya tambayar injiniyan da ya zana shi. Kwamfuta ce ke raba masu amfani gida biyu ba tare da zaɓi ba, a nuna wa kowane rukuni nasa, a ƙirga. Binciken RECOVERY haka ya yi: majinyata sama da 1,500 aka ba hydroxychloroquine, sama da 3,000 aka yi musu kulawar da aka saba, kwamfuta ce ta yanke wa zai shiga ina. A watan Yunin 2020 sakamako ya fito, maganin bai rage mutuwa ba ko kaɗan. Amfanin ƙuri'a shi ne tana raba komai daidai, har abin da likita bai sani ba: tsofaffi da matasa, masu hawan jini da marasa shi, masu kuɗi da talakawa, duk suna faɗawa ɓangarorin biyu. In an bar likita ya zaɓa, ko da zuciya ɗaya, zai iya ba masu ƙarfin jiki sabon maganin, sai maganin ya ɗauki yabon da ba nasa ba.

Wannan binciken dai shi ya gano cewa dexamethasone, ƙwaya mai arha da ke kowane kemis, tana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi. Ga waɗanda ba sa buƙatar iskar oksijin kuwa ba ta amfane su ba. Wanda ya karanta kanun labarin kawai zai saya wa kakarsa "dexa" don tana tari. Kowane sakamako yana da mutanen da aka same shi a kansu, kuma wannan layin shi ne manhajojin hira irin su ChatGPT da Meta AI suka fi saurin tsallakewa in ba a matsa musu ba. Suna ma iya ƙirƙiro sunan binciken da babu shi. Wanda zai tambaye su, ya nemi su faɗi wane irin bincike ne, mutum nawa, a wace ƙasa, sannan ya kwafi sunan ya nema a shafin PubMed ya ga ko akwai shi.

A Kano, kalmar "gwajin magani" tana da tabo, kuma duk mai kare ta dole ya tsaya a nan. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara kusan 200 a asibitin IDH. Rabi aka ba Trovan, rabi ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, biyar a rukunin farko, shida a na biyu, wasu suka tashi da nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kuma takardar amincewar kwamitin ɗa'a daga baya aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata. Kamfanin ya musanta aikata laifi, ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma wannan tsoro yana cikin abin da ya rura ƙin allurar shan-inna a 2003 da 2004. Dattijon Tudun Wada da ya ce ba za a yi gwaji da jikokinsa ba yana da tarihi a bayansa.

Sai dai abin da aka zargi masu Trovan da shi shi ne rashin neman izini da rashin sa ido, raba yara gida biyu ba shi ne laifin ba. Kuma gudun gwaji ba ya hana a yi gwaji da mutum. Yaron da aka ɗura wa haɗin da ba a taɓa aunawa ba, gwaji ake yi da shi, wanda ba takardar izini, ba mai ƙirga waɗanda suka cutu, ba kotun da za a kai ƙara. Tun 2007 Najeriya ke da ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, kuma duk wanda aka nemi ya shiga bincike yana da haƙƙin a yi masa bayani da harshen da yake ji, ya ƙi in ya ga dama, ya fita ko da ya fara, ba tare da an hana shi kulawa ba.

Likitocin Kano da kansu sun nuna yadda ake yi. Yaron sikila da jini ke gudu da ƙarfi fiye da ƙima a jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa, abin da wata na'urar sauti ke iya ganowa, yana cikin hatsarin shanyewar ɓarin jiki. In ba a yi komai ba, kusan ɗaya cikin goma na kamuwa duk shekara. A Amurka ƙarin jini ake yi masa kowane wata, abin da iyali a Kiru ba za su iya ba. Sai Farfesa Shehu Umar Abdullahi da abokan aikinsa, tare da Jami'ar Vanderbilt, suka ɗauki yara 220 a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da na Barau Dikko a Kaduna. Ba su bar kowa babu magani ba, domin hakan zalunci ne. Ƙuri'a ta raba su: wasu hydroxyurea kaɗan, wasu ninki biyu, kuma daga iyaye har likitocin da ke duba yaran ba wanda ya san wa ke shan wanne. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna uku sun samu shanyewar jiki a rukunin farko, biyar a na biyu, duka ƙasa sosai da abin da aka saba gani in ba magani. Ga uban da ke sayen ƙwayar daga aljihunsa kowane wata, wannan labari ne na kuɗi da rai a haɗe.

Akwai kuma ledar da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta gwada, wadda ta cancanci shiga kowane shafi na na'urori duk da ba ta da batir. Leda ce mai siffar mazurari da aka zana wa layukan awo, ana shimfiɗa ta ƙarƙashin mai haihuwa don ungozoma ta ga jinin da ya zuba da lamba maimakon ƙiyasin ido. A binciken E-MOTIVE, wanda ita ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, asibitoci aka raba da ƙuri'a, guda 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, domin ungozoma ɗaya ba za ta iya koyon dabara ta manta da ita a gado na gaba ba. Mata sama da 210,000 suka haihu a cikin binciken. Inda aka yi amfani da awon tare da ba da dukkan magungunan a lokaci guda, mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa ya tsaya a kashi 1.6 cikin 100, inda aka ci gaba da yadda aka saba kuwa 4.3. An wallafa a 2023, kafin shekarar ta ƙare Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi shawara ga ƙasashe.

Gaskiya ne yawancin waɗannan ayyuka a asibitocin gari ake yin su. Ko binciken mace-macen Kano na Afrilun 2020, wanda aka yi ta hanyar zuwa gidaje ana tambayar iyalai yadda mamaci ya yi jinya, ƙananan hukumomi takwas na birni ya shafa; a nan aka ƙirga mutuwa 979, Ministan Lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya ce kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya zama korona ce ta jawo. Kiru da Doguwa ba su shiga lissafin ba. Wannan giɓi ne da ya kamata 'yan yankin su riƙa tambayar wakilansu a kai.

Maganin da ke zuwa ƙofar gida

Duk da haka akwai abu ɗaya da ya bi dukkan matakan bincike har ya iso zauren gida a kudancin Kano: ƙwayoyin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 da damina don kare su daga zazzaɓin cizon sauro.

Matakin farko shi ne sanin girman matsalar, kuma ana yin sa kamar ɗaukar hoton allo: a zaɓi gidaje a faɗin ƙasa, a gwada jinin yara sau ɗaya. Irin wannan bincike na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 22 cikin 100 na ƙananan yaran Najeriya, Kebbi 49, Legas ba ta wuce 3 ba. Hoto yana nuna inda wutar take, ba ya nuna abin da zai kashe ta. Don haka sai gwajin ƙuri'a. A Niyakar ta Sanagal, a daminar 2002, yara sama da 1,100 aka raba, rabi suka sha magani sau uku, rabi suka sha ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a ciki. Zazzaɓin ya ragu da kashi 86 cikin 100 ga masu maganin. Gwaji ɗaya waya ɗaya ce, saboda haka aka sake a Mali da Burkina Faso kan yara kusan 3,000 a kowace ƙasa, duk an ba su gidan sauro, don a ga ko maganin na ƙara wani abu bisa gidan sauron. Ya ƙara: ragin kashi 82 a Mali, 70 a Burkina. Daga nan masana suka tattaro duk gwaje-gwajen da aka yi, masu daɗin ji da marasa daɗi, suka haɗa lissafinsu wuri guda. Wannan tattarawa ita ce hujja mafi ƙarfi a likitanci, kuma ita ta sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar shirin a Maris 2012, ga yankunan da yawancin zazzaɓinsu ke zuwa cikin 'yan watannin damina. A Najeriya an fara a Katsina a 2013.

Saura tambaya ɗaya, wadda masu manhaja suka sani sarai: abin da ya yi aiki a ɗakin gwaji, zai yi in ya shiga hannun jama'a? Yanzu ba za a hana wasu yara maganin don kwatance ba, sai aka koma binciken waiwaye. A samu yaron da ya zo asibiti aka tabbatar yana da malariya, a je unguwarsu a samu sa'o'insa da ba su kamu ba, a duba katin kowa a ga wa ya sha, yaushe. Hanyar tana da rauni, domin uwa na iya mantawa, kati na iya ɓata, kuma gidan da ke karɓar magani wataƙila dama ya fi kula da gidan sauro. Amma da aka yi ta a ƙasashe biyar, har da Najeriya, sakamakon ya zo daidai da na gwajin ƙuri'a: kariya ta kai kashi 88 cikin 100 a kwanaki 28 na farko, sannan ta sauko zuwa 61 a makonni biyu da ke biye.

Waɗannan lambobi biyu su ne dalilin da ya sa masu rabon ke dawowa kowane wata, kuma a nan yaron gida mai waya yake da aikin da ya fi tura bidiyo. Ranar farko masu rabon ke ba yaro ƙwayoyi biyu a gabansu, su bar wa uwa sauran biyu na rana ta biyu da ta uku. Alƙaluman Mali da Burkina da ke sama na cikakken shan kwana uku ne. Ƙwayar amodiaquine tana da ɗaci, yaro na tofarwa, wata uwar kuma takan ajiye ragowar "sai ya yi zazzaɓi", alhali ba don jinya aka yi ta ba. Ƙararrawa biyu a waya sun isa tunatar da kwana biyun, ta uku kuma a saita ta kwana 28 gaba, don in masu rabon ba su iso rugar ko ƙauyen ba a bi sawu a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. In yaro ya yi amai cikin rabin awa da sha, a gaya wa ma'aikacin lafiya a sake ba shi. Wanda ke shan Septrin, ko wanda maganin sulfa ya taɓa fitar masa da ƙuraje, ba a ba shi. Wanda kuma jikinsa ya riga ya yi zafi a ranar rabon, asibiti za a kai shi a huda yatsa a gwada, in malariya ce a ba shi maganin jinya.